Yadda Injiniya Ya Toshe Tukwanen Amarya

Mai gyaran famfo ne, amma in kana so ya amsa gaisuwarka da fara'a sai ka ce masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya dage a kai har mutanen layin suka gaji suka bi shi. Aikinsa ba laifi, in ya ɗaure bututu yana ɗauruwa. Bakinsa ne dai ya fi duk famfon da ya taɓa gyarawa zuba. A cewarsa akwai wani babban otal da ya kusa nutsewa, shi ya cece shi da sufana ɗaya tak. A cewarsa kuma in ya shiga gida, ɗigon ruwa da kansa yake tsayawa don kunya.

Suna haya a saman bene shi da matarsa, wadda har yau Amarya yake ce mata duk da shekarun da suka yi tare. Ɗaki da falo ne da wata 'yar baranda mai kallon titi, barandar kuwa ko taku ɗaya ba shi da shi a cikinta. Amarya ta cika ta da tukwanen furanni. Masu son rana ta jera su a bakin ƙarfe, jajaye da ruwan ɗorawa da wasu masu ruwan hoda da ke buɗewa da hantsi su rufe da yamma. Masu son inuwa suna jikin bango. In ta je wurin mai sayar da shuke-shuke ba ta ɗaukar wanda ya fi cika da fure, sai ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin ganye ta zaɓi mai yawan toho, ta ce shi ne mai sauran magana a bakinsa.

A kusurwa kuma akwai wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage tun daga baki har gindi, a cikinta wardi ne ja. Lokacin da Injiniya yake neman aurenta ya kawo mata reshensa, ya ce daga ƙasar waje ya sa aka yi masa odarsa. Ita kuwa ta ga alamar almakashin mai lambu a gindin reshen, ta kuma san a ranar wani gida mai lambu ya je gyaran famfo. Ta dasa shi, ya kama, ta aure shi.

Da yayarta ta haihu a wani gari, ta shirya tafiya ta 'yan makonni. Jakarta na bakin ƙofa ta ja shi zuwa baranda.

"Abu ɗaya nake roƙo, Injiniya. Kafin ka zuba wa kowace tukunya ruwa, ka tsoma yatsa a ƙasar. In da danshi ka ƙyale ta."

"Yatsa," ya ce, yana duban yatsan nasa kamar an zage shi. "Ni da nake hawar da ruwa bene mai hawa goma, ni za a koya wa ban ruwa da yatsa?"

"Bene ba ya mutuwa."

"Furanninki ma ba za su mutu ba. Za ki dawo ki kasa gane su."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ta duƙa ta shafa gefen tsagaggiyar tukunyar. "Sauran in wani abu ya same su, zan yi faɗa in huce. Wannan in ya mutu, ba zan ce maka komai ba."

Nan ya ɗan nutsu. Faɗan Amarya ba ya ba shi tsoro, don yana da amsar kowace magana. Shirunta ne ba shi da sufanar kwance shi. Sau ɗaya ya taɓa ɗanɗana shi, ya kuma gwammace a kulle shi a cikin tanki da ya sake.

Washegari da safe ya cika babban bokiti, ya bi tukwanen yana kwarara musu kamar mai kashe gobara. Bai kai ga ajiye bokitin ba ya ji ɗis, ɗis, ɗis a kan rumfar kwanon da ke ƙasa. Rumfar ta Tela ce, mai shago a ƙasan benen, mutumin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya leƙo da tef a wuya ya ɗaga kai.

"Injiniya, sama ce ke zuba ko gidanka ne ke yoyo?"

"Gidana ba ya yoyo."

"To sama ce. Abin mamaki, iya faɗin barandarka kawai take yin ruwa." Ya juya ga masu jiran ɗinki a kan benci. "Ku shaida, gidan mai gyaran famfo ne."

Dariyar da aka yi ta shiga Injiniya har ƙashi. Ya ɗaga tukunya ɗaya ya leƙa gindinta, sai ga huda. Ya ɗaga ta biyu, huda. Ya bi su kaf, babu wadda ba ta da huda, wata ma har uku. Ya miƙe yana huci.

"An cuci matata," ya ce. "Duk kayan da suka lalace a kasuwa ita aka tara wa."

Goggo, tsohuwar da barandarta ke manne da tasu, tana zaune tana tsefe wani tsohon zare. Ba ta ko ɗago ba.

"Ɗan nan, da gangan ake huda su."

"Haka masu ha'inci suke cewa, Goggo. Ni ma wani mai sayar da tanki ya taɓa ce min hudar ta shan iska ce."

"Matarka ta fi ka sanin tukwanenta."

"Ta fi ni sanin fure. Yoyo kuwa fannina ne."

Ya ɗauko akwatin aiki. Tukwanen roba ya liƙe su da gam, na ƙasa ya cike su da siminti, ya bi kowace da tafin hannu yana shafawa kamar likitan da ya gama ɗinki. Kafin la'asar babu tukunyar da ke fitar da ɗigo ko na rantsuwa, in ban da tsagaggiyar nan ta wardi. Ya toshe gindi, ruwa ya fito ta gefe. Ya shafe gefen, ya fito ta wata siririyar tsaga da ido ba ya gani. Ya naɗe ta da roba, robar ta jiƙe ta zame. Daga ƙasa kuwa Tela na ƙirga masa da babbar murya duk lokacin da ɗigo ya faɗo.

"Saura ɗaya, Injiniya. Ko ita ta fi otal ɗin wuya?"

Sai da ya bari Tela ya shiga ciki gwada wa wani riga, sannan ya rungumi tukunyar ya sauka da ita ta matakalar baya. A bayan gidan akwai wani lungu da yake tara ragowar bututu, akwai kuma wani tsohon famfo da ke ɗiga tun shigowarsu gidan, wanda kullum yake ce wa mai gidan hayar gobe zai duba shi. Ya ajiye tukunyar daidai ƙarƙashin famfon. Dabararsa ita ce in wani ya ga ƙasa a jiƙe, ba zai san wanne ne ke yoyo a cikinsu ba. Ya yi niyyar washegari ya sayo sabuwar tukunyar roba marar huda ya mayar da wardin ciki. Da ya hau sama ya ga barandarsa a bushe ƙayau, sai wani tunani mafi girma ya shigo kansa ya ture wancan waje.

Mutum kamarsa da ɗaukar bokiti? Ai zubar da mutuncin sana'a ne. Zai haɗa lambun da ke shayar da kansa.

Ya jawo bututu daga famfon kicin ya ratsa falo da shi ta bayan kujeru, ya fitar da shi baranda. A nan ya raba shi zuwa ƙananan tiyo, kowane ya soke shi a tukunya guda. Safe da yamma sai dai ya murɗa kan famfo ya koma ya zauna da kofin shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallon ruwa na hawa har bakin tukwane.

"Kin gani, Goggo? Ko ɗigo bai ɓata ba."

"Na gani. Kifi za ka zuba ne?"

Ba a jima ba ganye suka fara sauya launi. Da farko 'yan na ƙasa ne, daga baya abin ya bi jiki. Masu ruwan hoda suka daina buɗewa ko da hantsi. Tsuntsaye kuwa suka samu wurin wanka, suna zuwa ayari-ayari suna fantsama. Amarya ta kira a waya tana tambayar lafiyar gida, jariri na kuka a bayanta.

"Lafiya lau. Furanninki sun samu ci gaba."

"Wane irin ci gaba?"

"Kin bar su kore kamar na kowa. Yanzu launin zinariya suke komawa."

Ta ce, "Kana tsoma yatsa kuwa?"

"Mun wuce zamanin yatsa, Amarya. Ke dai ki dawo."

"Wardina fa?"

Daidai lokacin wani tiyo ya zame daga tukunya ya fara jiƙa masa silifa. Ya ce mata komai na ƙarƙashin kulawa, ya ajiye wayar ya bi tiyon. Tambayar ta bi ruwa.

Bayan tsuntsaye sai sauro. Ba irin sauron da aka saba ba, waɗannan ƙosassu ne masu gida a kusa. Goggo ta fito da safe fuska duk ƙuraje, ta leƙa ta saman ƙarfen da ya raba barandunsu ta ga 'yan tsutsotsi suna iyo a cikin tukunyar farin fure.

"Ɗan nan, kiwo kake yi ba ka gaya mana ba?"

"Alamar ruwa mai rai ne, Goggo. Ruwan da ba shi da kyau ba abin da ke zama a ciki."

"Warin fa?"

"Taki ne yake nuna."

"Ni dai jikata ta zo jiya ta tambaye ni ko ɓera ya mutu a ɗakina."

Tela ma ya hawo har sama da mayafin wata mata a hannu, wai ya zo ganin abin da ke sa masu jiran ɗinki toshe hanci a kan bencinsa. Ya tsaya a ƙofar baranda ya daɗe yana kallo. Furannin duk sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki.

"Allah ya ba su lafiya," ya ce a hankali. "An sanar da danginsu?"

"Ka koma kan kekenka. Abin da ba ka sani ba ne."

Amma maganar ta tsaya masa. Da Tela ya sauka, Injiniya ya tsuguna ya yi nazari irin na gwani. Ya lura kan tsiron ne ya fi langaɓewa, gindin kuwa yana tsaye cikin ruwa. Ya buga cinya. Ai wannan ciwon ya san shi, kullum shi yake gyarawa. In hawan ƙasa na samun ruwa na sama ba ya samu, me ke nan? Ƙarfin ruwa ne ya yi kaɗan. Fure ma bene ne, saiwa ce hawan ƙasa. Famfon kicin ba shi da ƙarfin tura ruwa har saman ganye.

Ya hau rufin gidan, inda babban tankin da ke ba duk masu haya ruwa yake. Ya jawo ƙaton bututu daga can, ya haɗa shi da wani injin tura ruwa da wani mai gidan wanka ya ba shi gyara bai zo karɓa ba. Ya kafa injin a falo kusa da talabijin, ya sa wa bututun jan makullin buɗe ruwa a baranda. Bai gwada ba. A ganinsa gwaji na masu shakkar aikinsu ne, kuma yana so Amarya ta ga farfaɗowar furannin da idonta, a gaban jama'a.

Ranar da za ta dawo ya rufe ƙarfen barandar da zanen gado don kada a ga komai sai lokaci ya yi. Ya aro kujerun roba ya jera a gaban shagon Tela, inda za a ɗaga kai a ga abin tarihi. Ya gayyato mai gidan hayar, dattijo mai son a girmama shi, ya ce shi ne babban baƙo. Dattijon ya zo cikin sabuwar farar riga da Tela ya gama masa a safiyar, ko zaren ƙarshe ba a gama tsinkewa ba. Maƙwabta suka taru, masu wucewa suka tsaya. Goggo ta sauko a hankali da laima a hammata, ta zauna a kujerar ƙarshe ta buɗe ta.

"Goggo, ai ba hadari," in ji mai gidan.

"Akwai Injiniya."

Injiniya ya fito baranda da rigar aikinsa a goge, sufana a aljihun gaba. Ya yi gyaran murya ya fara jawabi. Ya yi bayanin yadda ya gano ha'incin masu tukwane, da yadda manyan lambunan duniya za su zo koyo a wannan barandar. Ya ce daga yau mace ba za ta sake ɓata yatsanta da ƙasa ba. Yana cikin bayanin otal ɗin nan da ya kusa nutsewa, tasi ta tsaya, Amarya ta fito da jakarta. Ta dubi kujerun, ta dubi zanen gadonta a rataye, ta dubi laimar Goggo. Sai ta ja da baya ta tsaya a bayan laimar.

"Barka da dawowa, Amarya," ya ce daga sama. "Buɗe idonki da kyau."

Ya yaye zanen. Abin da ke jere a bakin ƙarfe ya fi kama da tsummokaran da aka manta a cikin baho. Wata mata ta kama haɓa.

"Wannan kafin gyara ke nan," ya ce da sauri. "Yanzu ku ga bayan gyara."

Ya shiga falo ya kunna injin, ya dawo ya murɗe jan makullin har ƙarshe.

Da farko gurnani aka ji, kamar benen ne yake yunwa. Bututun ya yi tsalle sau ɗaya. Sai ƙananan tiyon nan suka kumbura, suka fizge kansu daga tukwane suka tashi sama suna wulwulawa kamar macizan da aka taka wa wutsiya. Waɗanda suka tsaya a cikin tukwane kuwa suka tono ruɓaɓɓiyar lakar da ta yi makonni tana tsima, suka watso ta waje. Ruwa baƙi mai wari ya ɓalle ta tsakanin ƙarafan baranda, ya sauka kan rumfar Tela, rumfar ta tattara shi da kyau ta juye a kan layin kujerun gaba.

Mai gidan ne ya fara samu. Ya miƙe zai yi magana, wani tsiro ya faɗo da saiwarsa ya zauna masa a kan hula. Kujeru suka kife, takalma suka watse. Tela ya ruga yana kwashe kayan mutane da ya rataye a ƙofa, yana yi yana magana.

"Baba, rigar ba ta zuba ba, ka shaida. Launin daga sama ya zo."

Injiniya ya damƙi makullin zai rufe. Ya murɗa da ƙarfin da yake ba da labari, makullin ya taho a hannunsa. Ya dube shi, ya sa shi a aljihu. Ya kama tiyo ɗaya ya toshe da babban yatsa, na kusa da shi ya mare shi a kunne. Ya taka wani, wani ya shige masa ƙafar wando.

"Kada kowa ya tsorata," ya ce, ruwa na shiga bakinsa. "Iska ce take fita daga bututun."

"Iskar taka da laka take zuwa?" in ji mai gidan daga ƙasa, yana yarfe hannun riga.

"Baba, minti ɗaya."

"Tankin gidan nan ne kake zubarwa?"

"Aro na yi."

Ya juya zai ruga falo, santsi ya ɗebe shi, ya tafi da baya ya zauna daram a cikin babbar tukunyar da ke jikin bango. Tukunyar kuwa aikinsa ce, ya toshe ta da kyau, don haka ta riƙe shi gam kamar murfi. Ya yi ta harba ƙafa, tiyo na yi masa wanka.

Amarya ta miƙa wa Goggo jakarta. Ta tattare bakin zanenta ta hau matakala, ruwa na gangarowa ta gefen ƙafafunta. Ta shiga falo, ta tsallake bututun, ta zare wayar injin daga bango. Gurnanin ya mutu. Tiyon suka faɗi ɗaya bayan ɗaya suka kwanta.

Kafin ta fito baranda rabin layin ya biyo ta sama, suna cunkushe a ƙofar falo. Tela da wani maƙwabci suka kama hannuwan Injiniya suka ja, ya fito da wata ƙara irin ta buɗe kwalba. Amarya ba ta dube shi ba. Ta kama wani tsiro da yatsu biyu ta ɗaga, ya taho ba gardama, saiwarsa baƙa tana narkewa. Ta juya wata tukunya ta ga simintin da ke gindi. Ta juya wata ta ga gam.

"Yoyo suke yi," ya ce a hankali. "Dukkansu. An cuce ki."

Ta bi barandar da ido daga wannan bango zuwa wancan. Idonta ya tsaya a kusurwa, inda babu komai sai zagayen da gindin tukunya ya bari a siminti.

"Ina wardin?"

Sai a lokacin tsagaggiyar tukunyar ta faɗo masa a rai, da lungun, da sabuwar tukunyar robar da bai taɓa sayowa ba. Tun ranar bai sake leƙa wurin ba.

"Yana sashen kulawa ta musamman."

"Ina ne sashen?"

"A ƙasa. Ta baya."

"Bayan gida?" in ji Tela, yana matse tef ɗinsa. "Ai masu kwashe shara sun zo shekaranjiya. Na ga sun fita da kaya niƙi-niƙi."

Amarya ta buɗe baki, ta mayar ta rufe. Injiniya ya ga shirun yana tahowa kamar yadda ake ganin ruwa na hawa a tanki. Bai tsaya neman silifa ba, ya bi matakalar baya a guje yana barin sawun laka, jama'a na biye da shi, mai gidan na tsakiya da tsiro har yanzu a hula don ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa.

Masu shara sun zo da gaske, sun kwashe ragowar bututunsa kaf. Tukunyar kuwa da alama ƙayar wardin ce ta hana su taɓa ta. Tana nan ƙarƙashin tsohon famfon, shi yana ɗiga mata a hankali, ita tana tsiyayar da abin da ya yi mata yawa ta tsagar gefenta, ranar hantsi kuma na leƙo lungun kullum. Wardin ya yi sababbin rassa. Ganyensa kore shar, ga manyan furanni ja sun buɗe, ga wasu toho na jiran layi. Bai taɓa yin kyau haka ba ko a hannun Amarya.

Ta tsuguna a gabansa, ta tsoma yatsa a ƙasar, ta ciro ta duba. Kafaɗunta suka fara rawa. Injiniya ya matso a tsorace yana zaton kuka ne, sai ya ga dariya ce take ƙoƙarin haɗiyewa.

Nan take ƙirjinsa ya dawo wurinsa. Ya gyara tsayuwa, laka na ɗiga daga wandonsa, ya juya ga jama'a.

"To kun gani. Wannan shi ne ainihin aikin. Na sama gwaji ne kawai, don a ga bambanci. Ɗigo-ɗigo, da lissafi. Kun ɗauka banza na bar famfon nan ban gyara ba?"

"Shekara nawa kana lissafin?" in ji mai gidan.

"Aikin ilimi ba ya son gaggawa, Baba."

"Yau dai na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji Tela. "Duk abin da ya gyara ya mutu, wanda ya gagare shi ne ya rayu."

Goggo ta rufe laimarta. "Ku bar yaro ya ji da wandonsa."

Mai gidan ya yanke hukunci a tsaye: Injiniya zai wanke rigar, ya wanke rumfar Tela da matakala, ya kuma yi ta jido wa kowane ɗaki ruwa da bokiti har tanki ya sake cika. Tsohon famfon lungun kuma yau ɗin nan za a gyara shi.

"A'a, Baba," in ji Amarya, tana miƙewa. "Don Allah wannan ɗaya a bar shi. Kada ya taɓa shi."

Da yamma, bayan ya gama hawa da sauka da bokitin da ya ce ya fi ƙarfinsa, ta zaunar da shi a baranda ta jera masa tukwanen a kife. Ta ba shi ƙusa da guduma. Faɗan da ta yi alkawari ta yi shi tsaf, tun daga gam har zanen gado, shi kuwa yana fasa simintinsa yana jin daɗin kowace kalma, don faɗa ne ba shiru ba. Da ta huce ta sauka ƙasa, ta dawo da fure ɗaya ja, ta cire masa ƙaya ta soka masa a aljihun gaba kusa da sufana.

"Daga ƙasar waje na yi maka odarsa," ta ce.

Ya sunkuya ya ci gaba da huda.

Yanzu in ka bi ta layin da safe za ka gan shi a baranda cikin sababbin furanni, yana bin tukwane ɗaya bayan ɗaya yana tsoma yatsa. In ka tsaya kallo zai kira ka ya yi maka bayani. Sabuwar fasaha ce, in ji shi, gwajin danshi ba tare da na'ura ba, kuma shi ya ƙirƙiro ta.